Kifin Cikin Gilashi Yana Ganinmu, Amma Ba Ta Ko'ina Ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin mu sa baki a wata gardama da ake yawan yi tun da akwatin kifi na gilashi ya fara shiga falon gidaje da shagunan magani a garuruwanmu. Wasu na cewa kifin ba ya ganin komai da ke bayan gilashin, wasu kuma na rantsuwa cewa ya san mai gidansa. Gaskiyar magana kifi yana ganin waje, sai dai ganin nasa yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ne ke sa ake wahalar da shi.

Idon kifi ba irin namu ba ne. Ƙwayar da ke tattara haske a cikinsa dunƙulalliya ce kamar dutsen ado, wanda duk ya taɓa cin kan kifi ya ga wannan farin ƙwallon. Abin da ke kusa shi ya fi gani sosai, na nesa kuwa dishi-dishi, amma motsi ba ya wuce shi. Idanun suna gefe da gefe, don haka yana ganin kusan ko'ina in ban da ɗan wurin da ke daidai bayansa. Jan kifin ado da aka fi sayarwa yana bambance ja da kore da shuɗi, har da wani haske da idon ɗan Adam ba ya kamawa. Tarwada kuwa labarinta daban ne: idanunta ƙanana, ta fi dogara da gashin bakinta da sansana, shi ya sa take kiwo da dare. Karfasa ita ce mai aiki da ido.

Iyakar ganin tana zuwa ne daga yadda haske ke lanƙwasa idan ya ratsa tsakanin ruwa da iska. Idan kifi ya fuskanci gilashi kai-tsaye, zai ga ɗaki da mutanen ciki. Idan ya kalle shi a karkace, karkatar ta wuce kusan digiri 49, gilashin sai ya zame masa madubi, ba ya ganin komai sai tsakuwa da ciyawar cikin akwatin. Haka saman ruwa yake: duk duniyar da ke sama tana matsewa ne cikin wani zagaye mai faɗin kusan digiri 97 a saman kansa. Masuntan Haɗeja da na Wudil ba su jira an auna musu ba, tun kaka da kakanni suke durƙusawa a bakin ruwa suna gudun kada inuwarsu ta faɗa a kai.

Batun sanin mai gida ma ba tatsuniya ba ce gaba ɗaya. A 2016 masu bincike daga jami'o'in Oxford da Queensland sun koya wa wani kifi mai tofa ruwa ya bambance hoton fuskar mutum ɗaya da wasu fuskoki 44, ya kuma dace fiye da sau 80 cikin 100. Amma kada a yi saurin cewa ƙauna ce. Kifin da ke taruwa gaban gilashi idan an nufo shi ya haɗa siffar mutum da lokacin abinci ne, kamar yadda kaji ke rugowa idan an kaɗa ƙwaryar tsaba.

To ga inda ake kuskure. Mafi yawa shi ne kunna fitilar akwatin a ɗaki mai duhu. Kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, kuma idonsa yana ɗaukar lokaci kafin ya saba da sabon haske. Sai ka ga ya zabura ya bugi gilashi, baki ya saɓule, ciwo ya samu ƙofa. A fara buɗe taga ko a kunna fitilar ɗaki, a jira minti 15 zuwa 30, sannan a kunna ta akwatin. Wajen kashewa a fara da ta akwatin. Masu sola su daina barinta har asuba, awa 8 zuwa 10 sun isa a yini.

Idan ciki na da haske ɗaki kuma duhu, kifi ya fi ganin hoton kansa a jikin gilashi fiye da abin da ke waje. Namijin karfasa zai ɗauka abokin gaba ne ya yi ta kai masa sara har ya daina cin abinci. Maganinsa a rage hasken ciki, a bar ɗan haske a ɗakin, a manna takarda mai duhu a bayan akwatin da gefe ɗaya ta waje. A sa guntun tukunyar ƙasa ko bututun roba a ciki, domin kifin da ya san yana da maɓoya shi ne ke yarda ya fito fili.

Kada a ajiye akwatin a bakin ƙofa inda ake ta kai-kawo, kada kuma a sa shi a ƙasa inda kowa ke bi ta kansa. Inuwa daga sama a wurin kifi ta balbela ce ko ta mai kamu. Teburi mai ƙarfi daidai ƙugun mutum ya fi, a tuna kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, akwatin lita 60 ba na kowane teburi ba ne. A nisanta shi da rana, in ba haka ba gansakuka za ta mamaye gilashi, ruwa ya yi kore, ku ba ku ganinsa shi ma bai ganinku. A canza rubu'in ruwan kowane mako, a kankare gansakukar da sabon soso wanda bai taɓa sabulu ba. Lokacin hunturu a goge ƙurar waje da jiƙaƙƙen tsumma kawai.

Yara kuma a hana su ƙwanƙwasa gilashi don kifi ya juyo. Ya riga ya gan su. Bugun yana ratsa ruwa ya same shi ta kunnen da ke cikin kansa da wani layi da ke bin gefen jikinsa, ga shi ba shi da inda zai gudu. A rufe saman akwatin da murfi mai ƙofofin iska, musamman idan akwai tarwada a ciki, don idan ta firgita tsalle take yi waje.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Daga wasu masu kiwon kifi,
Ringim, Jihar Jigawa.