Godiya ga jami'ar fasahar da ta riƙe mini ɗiya a shekarar da albasa ta ruɓe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan wasiƙa tawa zuwa ga shugaba da malamai da ma'aikatan jami'ar fasaha mai zaman kanta da ɗiyata ta yi karatu a Yamai ce, tun daga mai babban ofishi har zuwa dattijon da ke gadin ƙofa. Ban rubuta sunan makarantar ba da gangan, don kada a ce an biya ni in yi talla. Su da kansu in sun karanta za su gane kansu, ni kuma abin da nake so ke nan.

Ni mutumin Tawa ne, sana'ata albasa. Gonata da rumbunan da nake ajiya, waɗanda muke kira rudu, suna wajen Galmi. Duk wanda ya san albasa ya san kuɗinta ba na ƙarshen wata ba ne. A lokacin cira, wajen watan uku da na huɗu, ta cika kasuwa ba ta da daraja. Mai haƙuri shi ke zuba ta a rudu, ya jira bayan damina, sannan ya ga riba, in ba ta ruɓe ba. Na faɗi wannan ne don a fahimci abin da zai biyo baya.

Ɗiyata ta samu bakaloriya, takardar gama sakandare, a 2021, a fannin kimiyya. Tun tana ƙarama take bina gona, kuma ba ganyen albasa ke ɗaukar hankalinta ba, injin ban-ruwa ne. Da ta gama sai ta ce ita lantarki take so, musamman na hasken rana. Muna da jami'a a Tawa, muna alfahari da ita, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, amma an fi saninta da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Ga shi kuma ɗiya mace ce, ba zan kai ta garin da ba mu da kowa ba. Gwaggonta na zaune a Bukoki, wata unguwa a Yamai, saboda haka aka tsayar da magana a kan Yamai.

Abin da na gani a makon farko har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mun taso daga Tawa da asuba, muka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, tafiyar sama da kilomita 500, muka iso a gajiye. Washegari muka fara zagaye. Makarantar farko da aka nuna mana, allonta ya fi ƙofarta girma. An karɓe mu da fara'a har lokacin da na biya jikka 50 na rajista. Daga nan fara'ar ta ƙare. Na ce a nuna mini wurin da ɗalibai ke koyon aiki da hannu, aka ce mai mabuɗin ya fita. Na koma washegari, bai dawo ba. Rana ta uku wani ɗalibi ya ja ni gefe ya ce, Baba, babu wani ɗakin aiki, a allo ake zana mana komai. Na nemi a mayar mini da kuɗina, aka nuna mini wani layi da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan takarda, da Faransanci, wai ba a mayarwa. A wata makarantar kuma, da sakatare ya ji ina magana da Hausa, sai ya juya wajen yarinyar ya ci gaba da bayani kamar ba na wurin, alhali ni zan biya. Na tambaya ko gwamnati ta amince da takardar shaidar da suke bayarwa, ya ce wannan ba tambayar da za ta dame ni ba ce. To tambayar wa za ta dama?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranar da muka shigo ƙofarku na riga na yi niyyar mayar da yarinyar gida.

Wadda ta sauya mini wannan niyya wata baiwar Allah ce a ofishin rajista, da kowa ke ce mata Hajiya. Ba ta kai ni shekaru ba, za ta yi sa'ar ƙanwata. Da muka shiga sai ta miƙe, ta jawo mini kujera, ta ce, Alhaji, sannu da hanya, daga ina? Na ce daga Tawa. Ta sa aka kawo ruwa. Ba ta taɓa takardunmu ba sai da muka gama gaisawa, kuma da ta fara bayani ni take kallo, da Hausa, tana juyawa ga yarinyar in an zo kan abin da ya shafi darasi. Kafin in buɗe baki a kan maganar amincewar gwamnati, ta ciro takardun izinin makarantar ta ajiye a gabana. Ta ware mini su: wannan fanni ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba shi izini, wannan kuma ya samu har da amincewar CAMES, hukumar nan mai mazauni a Wagadugu da ke tantance takardun shaida na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wannan na uku sabo ne, ba a kammala nasa ba, ba na ba ka shawarar sa ɗiyarka a ciki bana. Ban taɓa jin mai sayarwa ya ce kada a sayi wani kayansa ba sai ranar.

Sannan ta ce kada in biya ko dala sai na ga wuri. Ta kulle ofishinta, ta kai mu da kanta. Na ga yara sanye da rigunan aiki suna haɗa wayoyi a jikin katako, na ga injinan da aka kwance gunduwa-gunduwa, na hau bene na ga faifan hasken rana a jere da ɗalibai suna auna su. Malamin da ke wurin ya ji ni manomin albasa ne, sai ya shiga tambayata zurfin rijiyoyinmu da yawan man da inji ke sha a wuni. Mun fi rabin awa muna wannan hira. Gani ya kori ji.

Tarihin makarantar kuwa ba a takarda na karanta ba, a bakin mai gadi na ji shi. Ba'adare ne ɗan'uwana, kuma duk zuwana Yamai sai na zauna a bencinsa mun sha shayi. Ya ce tun ranar farko yana nan. Gidan haya ne aka fara da shi, mai ƴan ɗakuna, ana koyar da lissafin kuɗi da kwamfuta da yamma ga ma'aikatan da suka tashi daga aiki. Ya ce akwai lokacin da shi ne mai gadi, shi ne mai shara, shi ne mai tayar da janareta. Daga baya aka fara shirya yara wa jarrabawar BTS, difloma ta koyon sana'a ta shekara biyu, aka ƙara fannin lantarki da gine-gine da sadarwa, aka karɓi gidan maƙwabta, sannan aka sayi fili aka yi ginin kansu. Da ƙasar ta koma tsarin lisans, wato digiri na farko, da masta da dokta, su ma suka bi. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne, wai kafin a yi wa shugaba ofishi mai sanyi sai da aka fara gina ɗakin koyon aiki. Wasu daga cikin malaman yanzu, ya ce, yana tuna su suna ɗalibai suna jingine kekunansu a jikin bangonsa.

In mutum ya duba inda aka fito, zai gane dalilin da ya sa irin waɗannan makarantu suka samu gindin zama. Muna yara jami'a ɗaya ce a Nijar kaf, wadda aka fara a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'ar Yamai a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Shi wannan bawan Allah masanin kimiyya ne da ya ƙarar da rayuwarsa a kan binciken makamashin rana, tun lokacin da mutane ke ganin abin kamar mafarki. Sai Jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986. Mu na Tawa da Maraɗi da Damagaram sai a 2008 muka ga cibiyoyin fasaha, suka zama jami'o'i a 2010, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi. An yi ƙoƙari, amma masu fitowa da bakaloriya kowace shekara sun fi kujerun yawa. Wannan gurbi ne ƴan kasuwa suka shigo, na kirki da na banza, kuma uban da ya taso daga ƙauye ba shi da hanyar rarrabe su daga allon ƙofa.

Shekara biyu na farko sun wuce lafiya, ana karatu, ana jarrabawa a kan lokaci, ina biya kashi-kashi.

Jarrabawar Allah ta zo mini a 2023. Tun ƙarshen watan Mayu da Najeriya ta cire tallafin mai, fetur ɗin da muke zuba wa injinan ban-ruwa ya yi tsada. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli aka sa wa ƙasa takunkumi, aka rufe iyakoki. Albasarmu da ke zuwa Gana da Kwaddebuwa da Bini ta rasa hanya mai sauƙi. Na zuba ido ina kallon abin da na tara a rudu yana tsirowa yana ruɓewa. Da aka koma makaranta, shekarar ƙarshe ta yarinyar, ba ni da ko rabin kashin farko. Na san yadda ake yi a wasu wurare: a tsayar da ɗalibi a ƙofa, a karanta sunansa a gaban ƴan'uwansa, a hana shi shiga jarrabawa. Ɗan maƙwabcina haka aka yi masa a wata makarantar, yanzu yana tuƙa kabu-kabu.

Na kira Hajiya ina jin nauyi, na ce zan zo in ɗauki ɗiyata, in Allah ya hore ta dawo baɗi. Ta yi shiru, sannan ta ce, Alhaji, albasar ce? Ashe tun ranar farko ta riƙe sana'ata. Ta ce in ba ta kwana biyu. Ta kai maganar gaban shugaba, ta dawo mini da takarda: yarinya za ta ci gaba da karatu, za ta yi duk jarrabawarta, ni kuma in biya yadda na samu har zuwa cirar albasa ta gaba, ba tare da an ƙara ko dala ba. Ta ƙara da cewa ba ni kaɗai ba ne, iyaye da yawa aka yi wa haka a wannan shekara. Kuma ɗiyata ba ta san an yi wannan magana ba sai da ni na gaya mata da bakina bayan ta gama. Wannan rufin asiri ya fi mini kuɗin.

A waɗannan watanni ne kuma aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, Yamai ta shiga duhu da zafi. Yarinyar ta ce mini ko rana ɗaya ba a fasa darasin kwamfuta ba, don faifan da ke saman bene, waɗanda ɗaliban da suka gabace su suka kafa, su suka riƙe ɗakunan. Har dare ake barin su su yi bita a harabar makaranta. Da ta tashi neman wurin gwajin aiki, malaminta ne ya ɗauke ta a motarsa ya kai ta kamfani, ba a ce mu nemo wanda ya san wani ba.

Yabon gwani ya zama dole, amma raina bai kwanta da halin da sauran ke ciki ba. Me ya sa abin da aka yi mini zai zama abin mamaki? Gaisuwa, kujera, gaskiya a kan takarda, ai ba su ne ke cin kuɗi ba. Sai ka shiga ofishi ka yi sallama a amsa maka da kai, a ce ka dawo gobe, goben ta zama mako, kai kuma kowane kwana a Yamai kuɗin abinci ne da na taksi. Yara nawa ne ke riƙe da takardar injiniya ba su taɓa riƙe abin auna wuta ba? Ƙasar da ke da matatar mai a Damagaram tun 2011, da kamfanin siminti da tashar hasken rana a Malbaza, da wata tashar a Gorou Banda, da bututun mai da ya taso daga Agadem har bakin teku, tana buƙatar masu aiki da hannu da kai tare. Ina roƙon hukumomi su riƙa leƙa waɗannan makarantu ba tare da sanarwa ba, su nemi a buɗe musu ɗakin aiki su gani da ido, su kuma wallafa sunayen fannonin da aka amince da su da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo kafin lokacin rajista.

Ɗiyata ta karɓi lisans ɗinta a 2024. Na gama biyan bashina kafin ranar, na kai kuɗin ƙarshe da hannuna tare da buhun albasa, Hajiya ta ƙi karɓa sai da aka raba wa ma'aikata duka, har da mai gadi. Yanzu yarinyar tana aiki da masu kafa famfunan hasken rana. A ranin da ya wuce ta zo Galmi ta auna rijiyata, ta lissafa faifai nawa za su ɗauki famfon, ta hau ta ɗaura da kanta, manoma sun kewaye ta suna kallo. Tun daga ranar ban sake sayen fetur don wannan rijiya ba, kuma mutum uku daga cikin maƙwabtana sun ce in tambayar musu yadda ake shiga makarantarku.

Saboda su nake da roƙo biyu. Ku duba yiwuwar gina wurin kwana na ƴan mata, don ba kowace yarinya ke da gwaggo a Bukoki ba, kuma na san iyaye da dama da wannan kaɗai ya hana su turo ƴaƴansu. Na biyu, in za ku buɗe reshe a wajen Yamai, ku fara da Tawa. Rana muna da ita, rijiyoyi muna da su, yara ma ga su nan.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini, ya shirya miki zuri'a. Malamai, Allah ya ƙara basira. Ɗan'uwana na bakin ƙofa, ina nan tafe bayan cirar albasa, ka ɗora shayi.

Wassalam.

Naku,
Wani uba, manomin albasa, daga Tawa