Wasiƙa daga gaɓar Zanzibar

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyin Zariya, yaya kuma aikin fadama? Mu nan sai godiya, in ban da ɗan jirin da ba a rasa ba idan igiyar ruwa ta taso. Tun ranar da yaran nan suka haɗa kuɗi suka biya mana wannan tafiya ta jirgin ruwa kake tsokanata, wai Bakano bai san ruwan da ya wuce Tiga ba. To ga Bakano yana rubuto maka daga tsakiyar Tekun Indiya, Bazazzagi kuwa yana can yana gadin Kubanni.

Jiya muka yini a Zanzibar, wato babban tsibirinsu da suke kira Unguja. Jirginmu bai matsa bakin tasha ba, can cikin ruwa ya tsaya, ƙananan jirage suka riƙa kwasar mu zuwa gaɓa. Kafin mu sauka an nanata mana cewa na ƙarshe zai tashi ƙarfe biyar da rabi, wanda ya makara kuwa sai ya nemi hanyar bin mu tashar gaba da kuɗin aljihunsa. Wannan magana ita ta riƙe kowa yini guda, sai ka ga mutum yana cikin nishaɗi amma idonsa na kan agogo.

Tsohon garin, Stone Town, ratsa shi kawai muka yi. Dogayen gidaje na dutsen murjani, lunguna matsattsu, manyan ƙofofin katako masu sassaƙa, ƙamshin kanumfari ko'ina. Nan ne Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya mayar da fadarsa daga Maskat wajen 1840, garin ya yi arziki da kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi. An nuna mana cocin da aka gina a filin kasuwar bayin bayan an rufe ta a 1873. Wuri ne da ya kamata a ba shi yini nasa, mu kuwa bakin ruwa muka nufa.

Yawancin fasinjoji arewa suka yi, Nungwi da Kendwa, inda ruwa ba ya janyewa sosai, ana iya iyo kowane lokaci. Ka san uwargida, ta ce ita ba iyo ta iya ba, kuma ba za ta je ta zauna da mayafinta a tsakiyar mutane tsirara-tsirara ba. Sai muka ɗauki tasi muka yi gabas, tafiyar awa ɗaya da wani abu, ta gefen dajin Jozani inda jajayen birai ke tsallake titi, har Jambiani.

Malam, da muka isa babu tekun! Yashi ne fari fat shimfiɗe, da 'yan kududdufai, kwalekwale suna kwance a gefensu a ƙasa. Sai can nesa, fiye da kilomita guda, kake hango farin kumfa inda igiya ke dukan duwatsun murjani. Sau biyu a rana ruwan ke janyewa ya dawo, kuma ya fi yin nisa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wasu Turawa da suka zo a motar jirgi suka hau mita, wai an cuce su, sun biya kuɗin teku an kawo su fili. Ni kuwa da na dubi filin sai na ga cike yake da mata suna aiki.

Gona ce, wallahi, kuma tun da na gan ta kai ka faɗo mini a rai. Sun kakkafa turaku a cikin yashi layi-layi, kamar kunyoyin albasarka, sun ɗaura igiyoyi tsakaninsu. A jikin igiyar suke ɗaure guntayen wata ciyawar teku da suke kira mwani. Babu taki, babu ban-ruwa, babu injin da zai sha maka fetur. Ruwa ya dawo ya rufe ta, ta yi ta girma, bayan kamar mako shida a tsinke, a bar iri a sake ɗaurawa. Suna zaune dirshan cikin ruwa iya ƙugu da zannuwansu, suna hira suna ɗauri, wasu na jan buhuna a jiƙe zuwa tudu. A can cikin gari ake shanya ta a rana ta bushe. Direbanmu, wanda ya zama tafinta, ya ce mahaifiyarsa ma sana'arta ke nan. A 1989 aka fara wannan noma a nan Jambiani da Paje, da irin da aka kawo daga Filifin. 'Yan kasuwa ke saye su fitar waje, a can ake tatsar wani abu mai kauri da ake zubawa a man goge baki da ayis kirim. Ka ga ke nan wataƙila mun daɗe muna cin guminsu ba mu sani ba.

Kada ka ce noma ne na banza a sha. Rana na dukan ka daga sama, hasken yashi na dukan ido daga ƙasa, gishiri na cin fata, ga wata halitta mai ƙaya da ke ɓuya a kududdufi, wadda saboda ita aka hana mu cire takalmi. Wata dattijuwa da ta saki jiki da Hajiya ta ce irin da ya fi tsada ya daina yi musu, ruwan bakin gaɓa ya yi masa zafi, ruɓewa yake, sai mai arhar suka koma. A zurfi yana yi, amma yawancinsu ba su iya iyo ba, ba su kuma da jirgi. Kuɗin da muka biya na lemo kofi ɗaya a otal ɗin da ke bayansu ya fi abin da ake ba su a kan kilo da yawa na busasshiyar ciyawar. Abin ya tsaya mini a rai. Kukan da kake yi da dillalan Legas lokacin da tumatir ya yi kwantai, shi na ji a bakin matar nan.

Ba ciyawa kaɗai ake nema a filin ba. Akwai masu bin ramukan dutse da tsinken ƙarfe suna zaƙulo wata dabbar ruwa mai hannu takwas. Akwai masu tone ɓawon kwakwa da suka binne cikin yashi watanni, ya yi laushi, su daddake shi su tufka igiya. Hajiya ta nemi izini kafin ta ɗauki hoto, aka ba ta. Na lura ba sa son masu ɗaga waya haka kawai, kuma ban ga laifinsu ba.

Da azahar na shiga wani ɗan masallaci a cikin gari. A nan alƙibla arewa take sak, domin Makka na arewa da tsibirin ne kai tsaye, sai ka ga liman ya bar gabas a damansa. Na haɗa azahar da la'asar, na fito muka ci shinkafa da ta ji kanumfari da kirfa, da gasasshen kifi, muka kora da ruwan ɗanyar kwakwa.

Muna cikin ci ruwa ya fara dawowa. Ba da hargowa yake zuwa ba, silalowa yake, amma kafin ka ankara matan sun tattara sun fito, turaku sun nutse, kwalekwalen da ke kwance sun miƙe suna rawa. Jikin mangwaro ake fafe su, da katako biyu a gefe don kada su kife. Ruwan ya koma shuɗi-shuɗi kore-kore, garau. Daidai lokacin da wurin ya zama abin da Turawan nan suka biya kuɗi don gani, daidai lokacin motarsu ta danna ham. Mu ma ba mu daɗe ba. Na naɗe wando na shiga iya gwiwa, ɗumi gare shi, direba na ta nuna mini agogo.

Mun isa gaɓa da sauran lokaci, har Hajiya ta tsaya cinikin kayan ƙamshi. Na saya maka kanumfari da kirfa, sai ka faɗa wa maiɗakinka ta tanadi citta. In ka ga kirana da sanyin safiya kada ka yi faɗa, mun riga ku da awa biyu. Ka rubuto mini yadda farashin taki yake bana, da kuma ko an sa ranar bikin autarka, don mu san yadda za mu tsara dawowa. Ka gaida mutanen majalisa duka.

Wassalam.

Naka,
amininka na Kano