Maganin Mutane Na Kashe Kuliyoyi a Gidajen Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu kemis da masana harhaɗa magunguna na birnin Kano.

Mutane da yawa, in kyanwarsu ta daina cin abinci, sai su daka mata Panadol a madara, saboda tausayi. Ƙwaya ɗaya tak ta miligiram 500 tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa farasitamol, sinadarin da ke cikin Panadol, kamar tamu. Jininta ya kasa ɗaukar iskar numfashi, dasashinta ya yi duhu, fuskarta ta kumbura. Ibuprofen da diclofenac kuwa suna huda cikin kare, su lalata masa ƙoda.

A ganina mai kemis ne ya fi kowa damar hana wannan, tunda a Sabon Gari ko Kurna gare shi ake fara zuwa kafin likitan dabbobi. Ya riƙa tambayar mai saye ko wa za a ba maganin. In dabba ce, kada ya sayar, ya tura mutum asibitin dabbobi, kuma ya gargaɗe shi ya adana magunguna inda kare ba zai tauna ba. Ina kira ga Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ta sa wannan cikin horon da ake ba masu kemis.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, Fagge, Kano