Ɗakin baƙinmu ya soma aiki, saura ƙofofinku

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke Ingila, Amurka, Kanada da sauran ƙasashe, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya iyali, ya sanyi? Mu ma nan Sakkwato hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari.

Gudummawar da kuka haɗa ta iso, Allah ya saka da alheri. Ɗakin baƙin da muka daɗe muna magana a kai ya soma aiki: ɗaki biyu da bayan gida, katifu, tabarmi, da randa a bakin ƙofa. Yawancin masu sauka 'yan jinya ne da suka kawo marasa lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wasu daga Zuru, wasu daga Isa da Sabon Birni, har da mutanen Birnin Konni da ke shigowa ta Illela.

Bari mu ba ku labarin wata dattijuwa. 'Yan bindiga sun tashe su daga ƙauyensu, mai gidanta yana kwance a asibiti, ba ta san kowa a gari ba. Matan zumunta na ikilisiyarmu suka tarar da ita a gindin dogonyaro da ƙullin kayanta, ta lulluɓa da zane ɗaya cikin wannan sanyi. Suka ce ta zo ta kwana, ta ƙi, ta ce ita Musulma ce. Mama shugabar zumunta ta durƙusa ta ce, "Inna, taso mu tafi. Akwai buta, akwai tabarma mai tsabta, zan nuna miki gabas." Kwananta tara tare da mu. Ranar da aka sallami mai gidan, ta kwance bakin zanenta ta ajiye mana daddawa ƙulli biyu, abin da take da shi ke nan.

Mun ga tambayar da wasunku suka yi a WhatsApp, ko ya kamata ɗakin ya zama na 'yan ikilisiya kaɗai. Ba mu ga laifin mai tambaya ba. Abin da ya faru a garin nan a watan Mayun 2022, wato kisan ɗaliba Kirista Deborah Samuel, bai bar zukatanmu ba, mu da muke nan mun fi kowa sanin zafinsa. Amma kwamiti ya zauna, ya yi addu'a, ya amsa da a'a. A Luka 10, da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, Basamariye ya nuna, alhali Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji. Maƙwabtanmu ma sukan ce baƙonka annabinka, kuma da yawa cikinmu mun sha furarsu mun ci naman layyarsu tun muna yara.

Yanzu ga roƙonmu, kuma ba na kuɗi ba ne. Duk shekara yaranmu na fita karatu ko aikin jinya. Wani yaronmu ya kira mahaifiyarsa yana kuka, wata biyu da saukarsa bai shiga gidan kowa ba, alhali akwai namu a garin da yake. Abin ya ba mu kunya ƙwarai. Mun san gidajenku ƙanana ne, haya da tsada, aiki kuma ba dare ba rana. Duk da haka, ɗauko yaro daga filin jirgi, ba shi tsohuwar rigar sanyi, zaunar da shi gaban tuwo da miyar kuka ranar Lahadi, ba zai gagara ba. Ku sake karanta Ibraniyawa 13:2, ayar da ke magana kan karɓar baƙi, a addu'ar iyali. In Basakkwacen da ya sauka Musulmi ne, shi ma ɗan gida ne, ku karɓe shi.

Duk wanda zai iya saukar baƙo, ko na kwana uku ne, ya aiko wa sakatare sunansa da garin da yake kafin Kirsimeti. Ɗakin nan kuma yana bukatar barguna kafin sanyi ya ƙaru.

Naku cikin Ubangiji,
Sakatare, a madadin kwamiti, Sakkwato