Godiya ga sistocin asibitin unguwarmu masu kiran waya

Assalamu alaikum jama'ar Gombe.

Ni dai yau godiya ce ta kawo ni, ga ma'aikatan ɓangaren masu hawan jini na asibitin unguwarmu a Bolari, musamman sistar nan da take kiran Hajiyarmu duk ranar Talata bayan la'asar.

Wanda ya zauna da tsofaffi ya san halinsu da magani. Hajiya in ta sha amlodipine, maganin hawan jininta, kwana goma ta ji kai ya daina sarawa shikenan wai ta warke, sai ta tura sauran ƙarƙashin filo, in mun yi magana ta ce yaushe muka zama likitoci. Ranar da aka auna ta aka ga 170/100 suka karɓi lambarta, ni wallahi na ɗauka irin karɓar lambar nan ce da ba a kira.

Sai ga shi sun kira. Kuma sista ba ta faɗa, sai ta gaishe ta tukuna, Hajiya ina gajiya, ya jikoki, sannan a hankali ta ce Hajiya an sha na safe kuwa? Ita ta fahimtar da ita cewa wannan ba zazzaɓi ba ne da ake shan magani kwana uku a gama, sau da yawa ma ba ya ciwo, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu, kuma so ake awon ya zauna ƙasa da 140/90. Abin da muka shekara muna faɗa ba ta ji ba, a bakin sista ta ji, ikon Allah.

Maganar gishiri ce aka sha daru. Wai kar ya kai gram 5 a wuni, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin magi da yajin tsire. Matata ta rage dunƙule ta ƙara daddawa, Hajiya ta yi sati biyu tana mitar miya ta yi lami, yanzu kam ta saba.

Da ƙafarta ta kumbura har ta so ajiye maganin, sista ta ce a'a a kawo ta likita ya gani, aka canza mata wani.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku. Hajiya ta ce in gaishe ku, tun daren Litinin take sa a yi mata cajin waya.

Ɗan Hajiya, Bolari