Labaran Soyayya a Wayoyin 'Ya'yanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata Islamiyya a Agege, kuma abin da ɗalibaina ke karantawa ya dame ni. Yarinya 'yar shekara 13 za ta raba dare a WhatsApp tana bin labarin masoya biyu da iyaye suka raba, ga ciki ba aure, ƙarshe budurwar ta sha fiya-fiya. Gari na wayewa ta zo aji idanu jawur.

Ban ce a ƙona littattafai ba. An yi hakan a Kano a 2007, karatun bai tsaya ba, daga baya ma ya koma waya inda babu mai tacewa. Kuma yaranmu haifaffun Legas, da Yarbanci da buroka suka fi zama a bakinsu, da yawansu ta waɗannan labaran suke koyon karatun Hausa.

Damuwata ita ce yadda ake ƙawata kashe kai har ya zama shaidar so. Babba zai tace, ƙaramar yarinya kuwa haɗiyewa take yi. Ina roƙon marubuta su riƙa sa shekarun da suka dace a shafin farko, iyaye mata kuma su riga 'ya'yansu karantawa.

Wata malama,
Agege, Legas