Masu wa'azi su daina yanka wa Allah wa'adi

Malam Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana Kirista na nan Damagaram, musamman masu hawa mumbari.

Duk daren 31 ga Disamba sai an samu baƙon mai wa'azi ya ɗaga murya: "Bana shekararki ce! Kafin Kirsimeti za ki goya!" Mata su rangaɗa guɗa, a zuba baiko. Shekara ta zagayo, baƙo ya daɗe da komawa garinsu, mu ake bari da rarrashi. A zumuntar matanmu akwai wadda ta daɗe da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ranar miƙa jarirai kujerar baya take zama, kusa da ƙofa, littafin waƙa buɗe a cinyarta, bakinta a rufe. Bara wani ya ce mata ƙarancin bangaskiyarta ne ya toshe hanya. Ta sayi kwalbar man shafawa jaka biyar, ta yi ta azumi har jiri ya kayar da ita a kasuwar Dole.

Wace aya ce ta ba shi wannan izini? Ibrahim na da shekara 75 ya bar Haran da alkawari, Ishaku bai zo ba sai da ya cika 100. A tsakani ya faɗi rubda ciki ya yi dariya, Saratu ma ta yi tata a ƙofar alfarwa, Allah kuwa bai janye maganarsa ba. Na san za a ce ai an faɗa musu "baɗi war haka". Gaskiya ne, amma Ubangiji ne ya faɗa da bakinsa, bayan shekara 24, kuma ya cika. A Zabura 13 sau huɗu Dawuda yana tambayar Allah har yaushe. Karin Magana 13:12 ta yarda cewa begen da ya yi jinkiri yana sa zuciya ciwo, ba ta kuma ɗora wa mai ciwon laifi ba.

Inda ake yawan tsallakewa shi ne Ibraniyawa 11, aya 13 da 39. Mutanen da aka yaba wa bangaskiyarsu sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Musa daga kan dutsen Nebo ya hangi ƙasar, ƙafarsa ba ta taka ta ba. Shi ma za a ce azuminsa ne bai kai ba?

Ba ɗan Damagaram za a koya wa jira ba. Da bazara tun dare muke jera jarkoki a bakin famfo, ba wanda ya san ƙarfe nawa ruwa zai zo, ba kuma wanda ke zargin mai jarka in bai zo ba. Bayan ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015 ma mun ci gaba da sujada, ba tare da wani ya ba mu ranar da za a sake gini ba.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya: a daina kiran marasa haihuwa da samarinmu masu digiri da ke kabu-kabu su fito gaba a yi musu alkawarin wata da rana. Baƙon da ya yi irin wannan annabci bara, a tambaye shi ina aka kwana kafin a sake miƙa masa makirufo.

Taku,
Wata dattijuwa a zumuntar mata,
Sabon Gari, Zinder